Jirgin Horaswa: Daga Gosport Zuwa Kaduna

A duk lokacin da rundunar sojojin sama ta yi bikin nuna bajinta, hankalin jama'a kan tafi ne ga jiragen yaƙi masu tsananin gudu da rugugi, ba kasafai ake samun mai waiwayar ƙaramin jirgin nan mai kujeru biyu da ke fake a gefen fili ba. Alhali kuwa babu matuƙin da ya taɓa hawa babban jirgin yaƙi face sai da ya shafe watanni a cikin wannan ƙaramin, malami na zaune kusa da shi yana gyara masa hannu. A ganina, wanda yake son ya auna ƙarfin rundunar sama ta wata ƙasa, makarantar tuƙinta ya kamata ya fara leƙawa, kuma wanda yake son ya gane yadda wasu ƙasashe suka zama masu ƙera jirage, zai tarar da yawansu ta ƙofar jirgin horaswa suka shigo. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin an taɓa buɗe irin wannan ƙofa a Kaduna.

A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya babu wani tsari na kirki a koyar da tuƙin jirgi. Akan ba ɗalibi 'yan sa'o'i kaɗan a tsohon jirgin da ya gaji, a gargaɗe shi da ya guji duk wani abu mai haɗari, sannan a tura shi fagen daga, inda abin da aka hana shi gwadawa shi ne farkon abin da zai tarar. Matasa da yawa sun mutu a filayen horaswa tun kafin su ga abokin gaba. Mutumin da ya sauya wannan hali shi ne wani hafsan Birtaniya, Robert Smith-Barry, wanda ya ga irin ɗanyun matuƙan da ake aiko masa a Faransa, ya matsa har aka ba shi damar kafa makaranta ta musamman a garin Gosport da ke Ingila a 1917. Tsarinsa shi ne malami ya jefa jirgi cikin matsala da gangan, ya bar shi ya rasa iskar da ke ɗauke da shi har ya fara wulwulawa yana faɗowa, sannan ya nuna wa ɗalibi yadda ake ceto shi, a maimaita har tsoro ya fita. Domin malami ya iya magana da ɗalibi cikin ƙarar inji, sai aka haɗa bututun roba daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi, wanda aka riƙa kira da sunan garin. Jirgin da ya zaɓa shi ne Avro 504, wanda ya fara tashi a 1913, kuma aka ƙera fiye da 8,000 a shekarun yaƙin kaɗai. A can Amurka kuma Curtiss JN-4, wanda suke yi wa laƙabi da Jenny, shi ya ɗauki wannan nauyi.

Daga Gosport ne aka fahimci siffar da ake nema a jirgin horaswa, siffa mai wuyar samu domin abu biyu ne masu karo da juna. Dole jirgin ya kasance mai haƙuri, kada kuskuren sabon hannu ya zama ajalinsa, amma kuma kada ya yi sauƙin da zai ɓoye kuskuren, domin idan jirgi yana gyara kansa da kansa, malami ba zai gane wanda ya iya da wanda sa'a ce kawai ke ɗauke da shi ba. Tiger Moth na kamfanin de Havilland, wanda ya fara tashi a watan Oktoba 1931, shi ne ya fi shahara da haɗa waɗannan halaye. Katako ne da ƙarfe da ƙyalle, mai fukafukai biyu sama da ƙasa, injinsa na da ƙarfin doki 130, da hannu ake murza farfelarsa kafin ya tashi, kuma irin da aka ƙera a Ingila ba shi da ko birki. Wani abu da ke burge ni a tarihinsa shi ne dalilin da ya sa fukafukansa suka ɗan karkata baya. Rundunar saman Birtaniya ta ce dole ne wanda ke kujerar gaba ya iya ficewa da laimar sauka idan haɗari ya taso, sai aka matsar da fiffiken sama gaba domin a buɗe masa hanya, aka kuma karkatar da fukafukan domin daidaiton jirgin kada ya lalace. Wato neman tsirar ran malami ne ya ba jirgin kamanninsa. An ƙera kusan 8,900, dubbai daga ciki a masana'antar motoci ta Morris, wasu kuma a Kanada da Ostireliya da New Zealand.

Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da horaswa babbar masana'anta. Amurkawa sun raba ta hawa uku, domin da rarrafe yaro kan tashi: ɗalibi ya fara da Stearman, wanda ake ƙerawa a Wichita ƙarƙashin kamfanin Boeing, ya wuce zuwa Vultee BT-13, sannan ya ƙare da T-6 Texan na kamfanin North American, wanda Turawan Ingila ke kira Harvard. Wannan na ƙarshe yana da ƙarfin doki 600, yana naɗe tayoyinsa bayan ya tashi, kuma yana da duk rikitattun abubuwan da matuƙi zai tarar a jirgin yaƙi na gaske. An ƙera fiye da 15,000, kuma Afirka ta Kudu ba ta daina horaswa da shi ba sai 1995. A ƙarƙashin yarjejeniyar da Birtaniya ta ƙulla da Kanada da Ostireliya da New Zealand a watan Disamba 1939, an horar da fiye da mutum 130,000 a Kanada, nesa da bama-bamai, a ƙasa mai faɗi da wadatar mai. Jamus ta bi wata hanya dabam. Da yaƙi ya yi tsanani, sai ta riƙa kwashe malamai da jiragen makarantu tana tura su ayyukan gaggawa, kamar jigilar kaya zuwa Stalingrad, ga kuma ƙarancin mai da ya tilasta rage sa'o'in tashi, har ta kai a 1944 sabon matuƙin Jamus ba ya samun rabin horon da takwaransa na Amurka ke samu. Masana'antunta sun ci gaba da fitar da jiragen yaƙi da yawa, amma waɗanda za su tuƙa su da ƙwarewa sun ƙare. Ina ganin wannan darasi ya fi kowanne nauyi a tarihin nan, kuma za mu sake cin karo da shi.

Da injin jet ya bayyana, matakin farko da aka ɗauka shi ne a tsawaita jirgin yaƙi a ƙara masa kujera. Haka kamfanin Lockheed ya fitar da T-33 daga P-80 a 1948, aka ƙera fiye da 6,500, kuma Bolibiya ta ci gaba da amfani da shi har 2017. Bayan haka ne aka fara zana jiragen jet domin koyarwa tun daga tushe: Fouga Magister na Faransa a 1952, mai wutsiya mai siffar harafin V, da Jet Provost na Birtaniya da Cessna T-37 na Amurka, dukansu a 1954. A waɗannan biyu na ƙarshe malami da ɗalibi kafaɗa da kafaɗa suke zama, domin malami ya ga idon ɗalibi da hannunsa, yayin da wasu ke ganin ya fi dacewa a zaunar da ɗalibi shi kaɗai a gaba, ya saba da kaɗaicin da zai tarar a jirgin yaƙi. An daɗe ana wannan muhawara, kuma abin da aka tsaya a kai a yau shi ne zama gefe da gefe a matakin farko, gaba da baya a matakan da ke biye.

Labarin da ya fi jan hankalina a wannan zamani daga Cekoslobakiya ya fito. A 1961 ƙasashen ƙawancen soja na Warsaw, wanda Tarayyar Sobiyet ke jagoranta, sun shirya gasa domin zaɓar jirgin horaswa guda ɗaya da dukansu za su yi amfani da shi, inda aka gwada Yak-30 na Tarayyar Sobiyet da Iskra na Poland da L-29 Delfin na kamfanin Aero, wanda masana'antarsa ke Vodochody kusa da birnin Prague. Na ƙaramar ƙasar ne aka zaɓa, Poland kaɗai ta riƙe nata. L-29 ba shi da wani gudu na a zo a gani, amma yana da sauƙin gyara, yana iya tashi daga filin ciyawa ko na turɓaya, kuma yana jure saukar ɗalibi mai nauyin hannu. An ƙera kimanin 3,600. Magajinsa L-39 Albatros, wanda ya fara tashi a watan Nuwamba 1968, ya zo da inji mai ƙarancin shan mai, aka kuma ƙera fiye da 2,800. Da waɗannan jirage biyu ƙasar da ba ta cikin manyan ƙasashen duniya ta shiga sahun gaba wajen ƙera jiragen jet na horaswa, ba tare da ta shiga tseren manyan jiragen yaƙi ba.

Tashin farashin mai na 1973 ya sa rundunoni suka sake lissafi, domin ƙona man jet a kan ɗalibin da bai gama iya sauka ba asara ce. Mafita ta zo ta hanyar injin jet mai juya farfela, musamman PT6 na kamfanin Pratt & Whitney reshen Kanada, wanda ke ba da ƙarfi mai kyau da mai kaɗan. Kamfanoni biyu ne suka fi cin gajiyar wannan sauyi. Pilatus, da ke ƙaramin garin Stans a Suwizalan, ya fitar da PC-7, sannan PC-9 a 1984, wanda a kansa ne aka gina T-6 Texan II da sojojin Amurka ke horaswa da shi yanzu. Na biyun shi ne Embraer na Brazil, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. Gwamnati ce ta kafa shi a 1969 a São José dos Campos, kusa da cibiyar koyar da injiniyoyin jirage da rundunar sama ta riga ta kafa tun shekaru da dama kafin nan. Ya fara da ƙaramin jirgin fasinja na Bandeirante, amma abin da ya koya masa aikin masana'anta na zamani shi ne lasisin da ya karɓa daga Aermacchi na Italiya domin haɗa jirgin horaswa MB-326, wanda suka sa wa suna Xavante. Daga haɗa na wasu suka wuce zuwa zana nasu, Tucano ya tashi a watan Agusta 1980, Masar ta saya har ta riƙa haɗa shi a gida, kuma a 1985 rundunar saman Birtaniya da kanta ta zaɓe shi, aka riƙa ƙera shi a Belfast. Ƙasar da ta haifi Avro 504 da Tiger Moth ta koma karɓar zane daga Brazil cikin shekara 16 da kafa kamfanin.

A matakin horaswa na ƙarshe kuwa, Turai ta fitar da jirage biyu kusan lokaci guda: Alpha Jet, haɗin gwiwar Dassault na Faransa da Dornier na Jamus, a 1973, da Hawk na Birtaniya a 1974, wanda aka ƙera fiye da 1,000, har rundunar ruwan Amurka ta karɓi wani nau'insa. Tun daga farko Faransa ta ɗauki Alpha Jet a matsayin na koyarwa, Jamus kuma ta ɗauke shi a matsayin na kai hari. Wannan fuska biyu ce ta sa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka yi rububin irin waɗannan jirage, tun da kuɗi ɗaya zai biya buƙata biyu. Sai dai akwai tarko a ciki. Ranar da yaƙi ya taso, jiragen da malaman duka sukan tafi fagen daga, makaranta ta zauna babu kowa, kuma ba a ganin illar sai bayan shekaru, lokacin da tsofaffin matuƙa suka yi ritaya aka rasa masu maye gurbinsu.

Najeriya ta kafa rundunar sojojin samanta a watan Afrilu 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, kuma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, ya fara shugabantarta. Kafin nan an tura rukunonin farko na ɗalibai Habasha da Kanada da Indiya. A Kaduna aka kafa tushen horaswa, da jiragen Piaggio P.149, daga baya a shekarun 1970 aka kawo Bulldog na kamfanin Scottish Aviation. L-29 ya iso a 1967, kuma maimakon aji, yaƙin basasa ya tarar, aka ɗora masa makamai. A shekarun 1980 aka sayi Alpha Jet 24 da L-39 guda 24 da MB-339 guda 12, Kano ta zama gidan horaswa a kan jet, Kainji kuma ta zama gidan Alpha Jet. Wannan jirgi ya yi wa ƙasar nan aikin da ya wuce abin da masu zana shi suka yi tsammani, daga Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG har zuwa yaƙi da Boko Haram a arewa maso gabas, kuma da buƙata ta yi yawa har L-39 na Kano an ɗora wa makamai. Ba na zargin waɗanda suka yanke wannan shawara, domin wuta ce ta kama gida, amma kowace sa'a da irin wannan jirgi ya yi a fagen fama, an cire ta ne daga rabon wani ɗalibi.

Akwai wani zare a wannan tarihi da ba kowa ya lura da shi ba. A watan Mayu 1969 wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya jagoranci ƙananan jirage biyar ƙirar MFI-9B, waɗanda asalinsu na koyon tuƙi ne, aka ɗaura musu rokoki, suka kai hari a filayen jiragen Fatakwal da Benin da Inugu a madadin Biyafara, suka lalata jirage a ƙasa. Injiniyan da ya zana su, Björn Andreasson, shi ne ya faɗaɗa zanen ya zama MFI-15 da MFI-17 a ƙarƙashin kamfanin Saab. Pakistan ta sayi wannan jirgi a shekarun 1970, ta fara da haɗa sassan da ake aiko mata, sannan ta koma ƙera shi gaba ɗaya a masana'antarta ta Kamra da sunan Mushshak, ta ƙara masa inji mai ƙarfin doki 260 da na'urorin zamani ya zama Super Mushshak. A 2016 Najeriya ta ƙulla cinikin guda 10, kuma su ne ake koyar da sababbin matuƙa da su a Kaduna. Jikan jirgin da ya kai wa filayenmu hari shi ne yake yaye mana matuƙa a yau, kuma daga hannun ƙasar da ita ma saye ta fara yi.

A nan ne maganar Air Beetle take yi mini ciwo. A ƙarshen shekarun 1980 an yanke shawarar maye gurbin Bulldog da jirgin da za a haɗa a gida. Aka ɗauki zanen RV-6A na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon a Amurka, ƙaramin jirgi mai kujeru biyu gefe da gefe, aka yi masa gyare-gyaren da suka dace da aikin soja, kamfanin AIEP da ke Kaduna, mai alaƙa da Dornier, ya haɗa guda 60. Wasu sukan raina wannan aiki su ce ai haɗawa kawai aka yi. Ban yarda da wannan raini ba, domin da haɗawa Brazil ta koyi aikin jet, da haɗawa Pakistan ta fara, Koriya ta Kudu ma ta daɗe tana haɗa na Amurka kafin ta fitar da nata jiragen horaswa, KT-1 sannan T-50. Haɗa jirgi 60 yana nufin an samu kanikawa da suka iya aikin fallen ƙarfe da ƙusoshinsa, da masu duba inganci, da matuƙan gwaji, da tsarin ajiye bayanan kowane sashe, kuma waɗannan su ne ainihin jarin masana'anta. Inda aka rabu shi ne abin da ya biyo baya. Pakistan ta riƙe Mushshak shekara da shekaru tana inganta shi, ta sayar wa Saudiyya da Oman da Ƙatar, Turkiyya ta ba da odar guda 52, kuma daga wannan masana'anta ta Kamra aka kai, tare da ƙasar Sin, ga jirgin horaswa K-8 da jirgin yaƙi JF-17, wanda Najeriya ta karɓi guda uku a 2021. A Kaduna kuwa ba a ga jirgi na biyu da ya shiga aiki a bayan Air Beetle ba, ba a kuma sayar wa maƙwabta ba, alhali kusan kowace ƙasa a yankin nan tana buƙatar irinsa. Hannun da ya koyi aiki idan bai samu na gaba ba, tsufa yake yi ko ya koma wata sana'a.

Jirgin horaswa na yau ya bambanta da na da ta wata fuska mai muhimmanci, domin tuƙin jiragen yaƙi na zamani ya yi sauƙi saboda kwamfuta, abin da ya yi wuya shi ne sarrafa tulin bayanan da ke zuwa wa matuƙi a lokaci guda. Saboda haka jirage irin su PC-21 na Pilatus da M-346 na Leonardo suna ɗauke da manhajar da ke nuna wa ɗalibi abokan gaba da makamai na kwaikwayo a kan allonsa yana cikin sararin sama, a kuma haɗa shi da wani ɗalibin da ke zaune a na'urar kwaikwayon tuƙi a ƙasa. Shi M-346 tagwaye ne da Yak-130 na Rasha, domin tare Aermacchi da Yakovlev suka fara aikin kafin su raba gari a 2000. Amurka kuwa har yanzu tana fama da T-38 da ya fara tashi a 1959, domin T-7 na Boeing da Saab, wanda ya ci kwangila a 2018, ya gamu da jinkiri. Turkiyya ta shigo kasuwar da Hürkuş, wanda Nijar da Cadi suka saya.

Najeriya ta karɓi Super Tucano guda 12 a 2021, jikan Tucano na Brazil, ta kuma ba da odar M-346 guda 24 daga Italiya, nau'in da ke iya kai hari, domin su gaji Alpha Jet. Abin da nake fata masu ruwa da tsaki su tsaya a kai shi ne a ware wani adadi daga cikinsu da ba za a taɓa shi ba sai domin koyarwa, komai matsin fagen daga, sannan a rubuta cikin yarjejeniya cewa manyan gyare-gyare a gida za a riƙa yin su, da hannun injiniyoyin da Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama da ke Kaduna take yayewa. Super Mushshak ma zai tsufa, kuma tun yanzu ya kamata a fara shirin cewa ƙaramin jirgin da zai gaje shi a makarantar Kaduna a nan za a haɗa shi, tare da odar da ta isa ta riƙe ma'aikata har su kai ga zane na biyu.